Jituwar Wakilin Suna da Fayyace Ma'ana a Nahawun Ingilishi: Nazari Daga Mahangar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda wakilin suna yake jituwa da sunan da yake wakilta a nahawun Ingilishi, da kuma dalilin da ya sa jimla kan cika sharuɗɗan jituwa duka amma ta kasa isar da ma'ana guda. An bi tarihin wakilan sunan Ingilishi domin nuna alamomin da harshen ya zubar, sannan aka kwatanta tsarinsa na yau da na Hausa. Nazarin ya nuna cewa nauyin da jinsi da lamirin suna suke ɗauke wa mai magana da Hausa, a Ingilishi marubuci ne yake ɗaukarsa da kansa, ta hanyar zaɓen kalma da tsara jimla. Saboda haka ƙa'idar jituwa da ake koyarwa a makaranta rabin aikin ce kawai. An yi la'akari da abin da wannan yake nufi ga ɗalibin da ke rubuta tsakuren kundinsa da Ingilishi, da kuma mai fassara tsakanin harsunan biyu.

1.0 Gabatarwa

Ƙa'idar da littattafan nahawun Ingilishi suke bai wa ɗalibi gajera ce: wakilin suna ya jitu da sunan da yake komawa gare shi ta fuskar adadi da jinsi da mutum. A wannan maƙala za a riƙa kiran wancan suna da "magabaci", domin galibi shi ke fara zuwa a jimla. Idan magabacin tilo ne, wakilinsa ya zama tilo. Idan mace ce, wakilin ya nuna mace. Idan da mutum na uku aka fara, kada a koma na biyu a tsakiyar hanya. Ƙa'idar gaskiya ce, kuma ita ake gwadawa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Sai dai wanda duk ya taɓa duba kundin digiri ya san cewa jimlolin da suka fi wahalar da mai karatu ba waɗanda suka karya wannan ƙa'ida ba ne. Mafi yawansu sun cika ta, amma mai karatu bai san wane ne *he* ba, ko mene ne *it*, ko su wane ne *they*.

Batun ya shafi sashen Hausa kai tsaye. Ɗalibansa suna karanta ra'o'in nahawu da adabi cikin Ingilishi, suna rubuta tsakure da shi, kuma da yawa daga cikinsu a fagen fassara suke ƙarewa, ko a gidan rediyo ko a kotu ko a ofishin gwamnati. A duk waɗannan wurare, kuskuren gane magabaci yana iya sauya wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa.

2.0 Alamomin da Ingilishi ya zubar

Tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi amfani da shi kafin mamayar Normandawa ta shekarar 1066, yana da jinsin nahawu kamar yadda Hausa take da shi, har ma ya fi ta, domin uku ne nasa: namiji, da mace, da na uku wanda ba wannan ba ba wancan ba. Kalmar *stan* "dutse" namiji ce, haka *mona* "wata". *Sunne* "rana" mace ce. Ita kuwa *wif* "mace" a jinsi na uku take. Bahaushe zai lura da cewa rana da wata sun faɗa inda suka faɗa a Hausa, amma wannan dace ne kawai. Zuwa ƙarni na 13 wannan tsari ya rushe a mafi yawan kare-karen harshen, aka koma ga jinsin halitta: *he* ga namiji, *she* ga mace, *it* ga duk sauran abubuwan duniya.

Wakilan sunan kansu sun sha canji. A Tsohon Ingilishi ana cewa *he* "shi", *heo* "ita", *hie* "su". Da furucinsu ya matso kusa da juna har suka fara rikicewa, sai harshen ya sami mafita ta hanyoyi biyu. Siffar *she* ta ɓullo, kuma an fara ganinta a rubuce cikin kundin tarihin Peterborough a tsakiyar ƙarni na 12. Sannan aka aro *they* da *them* da *their* daga harshen mutanen Sikandinabiya waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila. Aron bai kammalu a dare ɗaya ba: Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta *they* amma yana riƙe da tsofaffin siffofin *hem* da *hire*. Ba kasafai harshe kan ari wakilin suna daga wani ba, kuma yin hakan ya nuna girman buƙatar da ake da ita ta rarrabe wa ake nufi. Ita kuwa *its* ba ta bayyana ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. Kafin nan *his* ce take yi wa namiji da jinsi na uku aikin mallaka.

Asara mafi girma a mutum na biyu ta auku. Da can *thou* da *thee* na tilo ne, *ye* da *you* na jam'i. Aka fara amfani da jam'in domin girmama mutum guda, kamar yadda Bahaushe kan ce wa dattijo "kun tashi lafiya?", har girmamawar ta mamaye ko'ina, *thou* ta fita daga daidaitaccen harshe a ƙarni na 17. Ba a rabu da ita cikin lumana ba. A 1660 George Fox, jagoran ɗariƙar Kweka, ya fitar da littafi sukutum tare da abokansa biyu yana kafa hujja cewa kiran mutum ɗaya da *you* kuskure ne. A ƙarni na 18 masu ilimi da yawa sun riƙa rubuta *you was* ga mutum ɗaya da *you were* ga jama'a, har sai da Robert Lowth ya yi tir da hakan a nahawunsa na 1762. Yau *yourself* da *yourselves* ne kaɗai suka rage suna tuna da bambancin, sai kuma kare-karen harshe da suka cike giɓin da kansu: *y'all* a kudancin Amurka, *youse* a Ailan da wasu sassan Birtaniya, da *una* a Turancin buroka na Nijeriya, wadda asalinta daga Ibo ne.

Idan aka jera tsarin biyu, bambancin a fili yake. Hausa tana da *ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su*, ga kuma lamirin nan na *a/an/aka* wanda ba ya ambaton kowa, wanda Newman (2000) ya lasafta a matsayin mutum na huɗu. Ingilishi yana da *I, you, he, she, it, we, they*. Kalma ɗaya, *you*, tana aikin *kai* da *ke* da *ku*. Wata kalmar ɗaya, *it*, tana wakiltar kowane abu da ba mutum ba, alhali Hausa ta raba waɗannan abubuwa gida biyu.

3.0 Inda Hausa take bin ɗalibi cikin Ingilishinsa

Rikita *he* da *she* kuskure ne da aka sani ga masu koyon Ingilishi waɗanda harshensu na farko ba ya bambanta jinsi a wakilin suna, irin su Yarabanci da Ibo. Bahaushe ya zo da wannan bambanci tun daga gida. Ko da yake ya kamata a tuna cewa a karin Zazzau da na Bauchi, da kuma Hausar zango-zangon Ghana, jinsin nahawu ya yi rauni, har akan ji "mota ne". Wuraren da Hausa take barin sawunta daban ne.

Na farko shi ne maimaita aikau. A Hausa ba a cewa "Audu tafi". Dole lamirin suna ya shiga tsakani, a ce "Audu ya tafi". A lokaci na sabo da mai ci ne kawai akan iya sauke shi, kamar a "Audu kan zo" da "Audu na zuwa". Ɗalibin da ya ɗauki *ya* a matsayin *he* sai ya rubuta:

(1) My supervisor he has travelled.

Turawa ma sukan faɗi irin wannan a hira, da ɗan tsayawa bayan sunan, amma a rubutu na ilimi kuskure ne. Maganinsa shi ne a nuna wa ɗalibi cewa *ya* a cikin "Audu ya tafi" ba wakilin Audu ba ne da ke tsaye a madadinsa, tunda ga Audun nan a jimla; alama ce ta jituwa da lokaci, wadda takwararta a (1) ita ce *has*.

Na biyu ya fi zurfi, kuma a ganga dogarau yake. Hausa tana cewa "yaron da na gani" ba tare da wakilin suna a gurbin karɓau ba, amma tana cewa "yaron da na yi magana da shi" da "matar da ɗanta ya tafi". Wato idan gurbin ya yi nisa daga aikau da karɓau, sai a bar wakili a wurin. Wannan ya dace da jerin matakan da Keenan da Comrie (1977) suka fitar bayan nazarin harsuna kusan hamsin. Daidaitaccen Ingilishi ba ya barin wakili a kowane mataki, don haka (2) da (3) ba karɓaɓɓu ba ne:

(2) the singer that I spoke to him
(3) the woman that her son travelled

Abin da ake so shi ne *the singer I spoke to* da *the woman whose son travelled*. Akwai kuma saɓani a abin da kowane harshe yake kula da shi a nan. *Wanda, wadda, waɗanda* suna nuna jinsi da adadi, ba ruwansu da ko mutum ne ko dutse. *Who* da *which* ba su san jinsi ko adadi ba. Tambayarsu ɗaya ce, mutum ne ko ba mutum ba.

Wani kuskuren da ake yawan ji a Turancin Nijeriya, wato *they love themselves* da nufin "suna son juna", bai kamata a ɗora wa Hausa shi ba. Hausa ta raba *kansu* da *juna* sarai, kamar yadda Ingilishi ya raba *themselves* da *each other*. Idan ɗalibi Bahaushe ya yi shi, a wurin jama'a ya tsince shi, kuma fassara jimlar zuwa Hausa sau ɗaya ta isa ta gyara masa.

4.0 Adadi: siffa, ma'ana da kusanci

Quirk da abokan aikinsa (1985) sun nuna cewa ƙa'idoji uku ne suke ja-in-ja a jituwar adadi. Akwai jituwa da siffar kalma, akwai jituwa da abin da kalmar take nufi, akwai kuma jituwa da sunan da ya fi kusa. A suna tattarau ne biyun farko suke karo. *Committee, government, family, team* siffarsu tilo ce, amma mutane ne da yawa a ciki. Ingilishin Birtaniya ya yarda da duka biyu:

(4) The committee has submitted its report.
(5) The committee have not agreed among themselves.

A (4) kwamitin abu guda ne, a (5) kuwa mambobinsa ake gani ɗaya bayan ɗaya. Ingilishin Amurka ya fi son tilo a aikatau. Abin da ba a so a rubutu shi ne gauraya su a jimla ɗaya, kamar *The committee has submitted their report*, duk da cewa a baki ana yin haka kullum. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda yake cewa "jama'a ta taru" kuma yake cewa "jama'a sun taru". Corbett (1979) ya lura da cewa gwargwadon nisan kalma daga sunan, gwargwadon yadda ma'ana take rinjayar siffa. Ba mai cewa *these committee*, domin nunau yana manne da sunan; amma wakilin suna da ya zo a jimla ta gaba yakan koma jam'i ba tare da kowa ya ji ƙaiƙayi ba. Hausa ta bi wannan hanya: "Wannan jama'a ta taru tun da safe, amma har yanzu ba a ba su wurin zama ba."

Ƙa'idar kusanci halattacciya ce a wuri guda, wato inda *or* ko *nor* suka haɗa magabata biyu: *Neither the lecturer nor the students brought their copies.* Idan aka juya jerin, aka ƙare da tilo, jimlar kan yi nauyi ko ta canza ma'ana, shi ya sa ake shawartar marubuci ya ajiye jam'in a ƙarshe. A sauran wurare kusanci tarko ne. A jimla irin *Each of the manuscripts have lost their cover*, jam'in *manuscripts* ne ya ja aikatau da wakilin suna, alhali kan yankin sunan shi ne *each*. Bock da Miller (1991) sun nuna ta hanyar gwaji cewa 'yan asalin harshen ma suna faɗawa wannan rami.

5.0 Rikicin *he* da *they*

Ingilishi ba shi da wakilin suna tilo na mutum wanda bai ambaci jinsi ba. Idan magabacin *everyone* ne, ko *somebody*, ko *a student*, marubuci yana tsaka mai wuya:

(6) Every candidate must bring his card.
(7) Every candidate must bring his or her card.
(8) Every candidate must bring their card.

Ɗalibai da yawa sun taso da fahimtar cewa (6) ita ce asali, (8) kuma lalacewar zamani ce. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ƙamusun Oxford ya kai *they* mai magabaci tilo har zuwa wajen 1375, kuma ana samunta a rubuce-rubucen Shakespeare da Jane Austen. Masu nahawun ƙarni na 18 ne suka kafa (6) a matsayin doka. Ann Fisher, wadda nahawunta ya fito a 1745, tana cikin na farko da suka ce *he* ya ƙunshi kowa, sannan littafin Lindley Murray na 1795, wanda aka yi ta sake bugawa domin makarantu, ya taimaka wajen yaɗa ƙyamar (8). Bodine (1975) ta yi tambayar da ta dace: idan (8) ta saɓa wa jituwar adadi, ai (6) ma ta saɓa wa jituwar jinsi, to me ya sa aka hukunta ɗaya aka kyale ɗaya?

Majalisar dokokin Birtaniya ta shigo cikin maganar a 1850, da dokar da ta tanadi cewa kalmomin da suke nuna namiji a cikin dokoki a ɗauka sun haɗa da mata. Ba a daɗe ba aka gwada wannan alkawari. Dokar zaɓe ta 1867 ta yi amfani da kalmar *man*, bayan da majalisa ta ƙi gyaran da John Stuart Mill ya kawo na a musanya ta da *person*. Dubban matan Manchester suka nemi a sa sunayensu a rijistar masu zaɓe, suna dogaro da dokar 1850. A shari'ar Chorlton da Lings ta 1868 kotu ta yanke cewa a wannan wuri *man* namiji kawai yake nufi. Sai a 1918 wasu matan Birtaniya suka sami ƙuri'ar zaɓen majalisa, sauran kuma a 1928. Darasin nahawu a nan shi ne, kalmar da aka ce ta ƙunshi kowa tana iya komawa ga ma'anarta ƙuntatacciya a ranar da aka fi buƙatar faɗinta. Nijeriya ta gaji wannan salo: sashe na 131 na Tsarin Mulkin 1999 da *he* yake bayyana wanda ya cancanci takarar shugaban ƙasa, kuma sashe na 14 na Dokar Fassarar Dokoki ne yake shigo da mata ciki.

A 'yan shekarun nan ma'auni ya karkata. Littafin salon kamfanin dillancin labarai na AP ya buɗe wa *they* tilo ƙofa a 2017, bugu na 7 na littafin salon APA, wanda sassan jami'a da yawa suke bi wajen tsara kundi, ya amince da ita a 2019, kuma a shekarar ce ƙamusun Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara, saboda ƙarin amfanin da ake yi da ita ga mutanen da ba sa son a kira su da *he* ko *she*. Hanyar da *you* ta bi ita *they* take bi: tana riƙe da aikatau na jam'i ko da mutum ɗaya ake nufi, har siffar *themself* tana neman dawowa gefen *themselves*.

Ga Bahaushe, (6) ba ta da wani nauyi a kunne, domin Hausa ma namiji take ɗauka idan ba a san jinsi ba: "kowa ya kawo katinsa", "wa ya zo?", "duk wanda ya makara". Tana kuma da mafitar da Ingilishi ba shi da ita, wato "a kawo kati". Amma mafitar tana da iyaka: lamirin *a* a gurbin aikau kaɗai yake zama, ba shi da siffar karɓau ko ta mallaka, shi ya sa ake cewa "a kula da kai" ba tare da ɗafa wa *kai* komai ba. Ɗalibin da bai san ra'ayin mai duba takardarsa ba, hanya mafi aminci gare shi ita ce mayar da jimlar jam'i gaba ɗaya, *All candidates must bring their cards*, wadda ba wanda zai ja da ita. Ita kuwa (7) sau ɗaya ake jure mata. Idan ta maimaitu sau uku a sakin layi, ta zama kaya.

6.0 Harshen damo a jimlar da ta cika ƙa'ida

A nan ne ƙa'idar makaranta take ƙarewa, aikin marubuci ya fara. A duba wannan jimla, irin wadda akan tarar a tsakure:

(9) The study compares court singers with freelance singers and finds that they borrow themes from them.

Ba inda aka karya jituwa. *They* jam'i ne, *them* jam'i ne, magabatan biyu ma haka. Amma sakamakon binciken gaba ɗaya ya rataya ne a kan wa yake aro daga wa, kuma jimlar ba ta faɗa ba. Mai karatu yakan karkata ga sunan da aka fara ambata, ko ga wanda yake gurbin aikau, ko ga wanda ya fi kusa, kuma waɗannan ba kullum suke nuna wuri ɗaya ba. Marubucin bai ga matsalar ba domin shi ya san amsar tun kafin ya rubuta. Gyaran ba ya buƙatar wata dabara, illa a maimaita suna: *finds that the freelance singers borrow themes from the court singers*. An koya wa ɗalibai cewa maimaita kalma aibi ne a Ingilishi, kuma wannan koyarwa ta haifar da ɓarna fiye da wadda ta hana.

Hausa ba ta tsira daga irin wannan ba. "Audu ya gaya wa Bala cewa ya ci jarrabawa" harshen damo gare ta, daidai da *Audu told Bala that he had passed*. Amma Hausa tana da gyara mai sauƙi, "cewa shi Balan ya ci", inda wakilin suna da sunan da madanganci suke haɗuwa. Ingilishi sai dai ya maimaita sunan, ko ya koma maganar kai tsaye, ko ya nemi *the former* da *the latter*, waɗanda suke tilasta wa mai karatu ya waiwaya baya ya ƙirga.

Nau'i na biyu shi ne *this* ko *which* da aka sake su suna nuni ga jimla sukutum:

(10) The informants were interviewed in Hausa and their answers were translated by the researcher. This affected the results.

Hirar da aka yi da Hausa ce ta shafi sakamakon, ko fassarar, ko kasancewar mai binciken ne ya yi ta da kansa? Kalmar "hakan" tana yin irin wannan zamewa a rubutun Hausa. Maganin shi ne kada a bar *this* ita kaɗai. A ba ta suna, a ce *this choice of language* ko *this translation*. Sau da yawa marubucin da ya zo saka sunan sai ya tarar shi kansa bai yanke abin da yake nufi ba.

Nau'i na uku shi ne wakilin da ba shi da magabaci sam, kuma a nan Hausa tana da hannu:

(11) Hausa poetry is old, and they preserved much of it in ajami.

A zuciyar marubucin "an adana" ce, sai ya rasa takwarar *an* ya ɗauko *they*. Mai karatu kuwa zai nemi jam'in da *they* take komawa gare shi ya rasa, domin *Hausa* a nan sifa ce. A hira ana cewa *they say* ba a damu ba. A rubutu, ko dai a juya jimlar, *much of it was preserved in ajami*, ko a ambaci masu aikin, *scholars preserved*. Haka nan *it* tana da fuska biyu: wadda take wakiltar abu, da wadda take cike gurbin aikau kawai, kamar a *it is raining* "ana ruwa". Idan suka haɗu a jimla ɗaya, kamar *Although it is hard to read the manuscript, it is important*, ba a san ko rubutun ne mai muhimmanci ko karanta shi ba.

7.0 Abin da mai fassara yake fuskanta

Mai karanta Ingilishi yana iya wuce jimla mai harshen damo bai tsaya ba. Mai fassara ta zuwa Hausa ba shi da wannan dama, domin Hausa tana tambayarsa abin da Ingilishi bai faɗa ba. *You should come tomorrow* ba ta fassaruwa sai an san ko *ka* ne ko *ki* ko *ku*. *The minister has resigned* tana buƙatar a san ko "ya yi murabus" ko "ta yi murabus". A saƙon kiwon lafiya, zaɓi tsakanin "ka wanke hannunka" da "ku wanke hannuwanku" da "a wanke hannu" zaɓi ne na wa aka gayyata cikin maganar. Tafintan kotu da ya ji *he gave it to him* daga bakin mai shaida, alhali maza uku ake magana a kansu, haƙƙinsa ne ya nemi a fayyace kafin ya fassara, domin zaɓin da zai yi da ka zai shiga rubutaccen bayanin shari'a a matsayin maganar mai shaida.

Tun a 1972 Terry Winograd ya nuna cewa akwai jimlolin da sanin duniya ne kaɗai yake warware wakilin sunansu, kuma daga baya aka mai da irinsu ma'aunin gwada fahimtar kwamfuta. Ga misali mai irin wannan gini:

(12) The pot did not go into the sack because it was too big.
(13) The pot did not go into the sack because it was too small.

Kalma ɗaya aka canza, magabacin *it* ya tashi daga tukunya ya koma buhu, ba tare da nahawun Ingilishi ya nuna alamar komai ba. Hausa dole ta nuna: "Tukunyar ba ta shiga buhun ba domin ta yi girma", amma "domin ya yi ƙanƙanta". Wanda zai mayar da irin wannan jimla daga Hausa zuwa Ingilishi shi ma sai ya yi hattara, domin bayanin da *ya* da *ta* suke ɗauke da shi yana narkewa cikin *it*. "Ladi ta sa tukunya a buhu, sai ya faɗi" ba ta da shubuha ko kaɗan, amma *it fell* ba ta ce buhun ne ba, sai an rubuta *the sack fell*. Idan kuwa aka ce "Ladi ta sa tukunya a buhu, sai ta faɗi", Hausa ce ta shiga harshen damo, domin Ladi da tukunya jinsinsu ɗaya, alhali Ingilishi dole ya zaɓi *she fell* ko *it fell*, kuma mai fassara ba zai iya rubuta ko ɗaya ba sai ya koma ga jimlolin da ke gaba da baya ya gano ko Ladi ce ta faɗi ko tukunyar.